Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: horar da kakakin kamfani, da abin da ya sami BP a 2010

Ranar 30 ga Mayu, 2010, shugaban kamfanin mai na BP, Tony Hayward, ya tsaya gaban manema labarai a jihar Luwiziyana ta Amurka. A ranar an cika kwana 40 cif da fashewar dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon a Mashigin Tekun Meksiko, inda ma'aikata 11 suka rasa rayukansu, ɗanyen mai kuma yana ta ambaliya daga ƙarƙashin teku ba a samu an toshe shi ba. Hayward ya fara da ba wa mutanen gaɓar teku haƙuri a kan yadda al'amarin ya dagula musu rayuwa. Sai ya ƙara da cewa babu wanda ya fi shi son a ga ƙarshen wannan abu, domin shi ma yana so ya koma ga rayuwarsa kamar da. Ban haƙurin nan kusan ba wanda ya ji shi. Jimlar ƙarshe ita gidajen talabijin suka yanko suka yi ta maimaitawa, kuma ita aka fi tuna shi da ita har yau. Ranar 2 ga Yuni ya nemi afuwa a shafin kamfanin na Facebook, musamman daga iyalan mamatan. Amma magana zarar bunu ce.

Saboda irin wannan rana ne kamfanoni ke biyan kuɗi a horar da masu magana da yawunsu. Yadda ake yin horon ba wani ɓoyayyen abu ba ne. A kan ɗauko tsohon ɗan jarida, wanda ya san inda tambaya ke yi wa mutum ciwo, a zaunar da shugaba ko kakaki gaban kyamara da fitila, a yi masa hira ta gwaji, a naɗa. Daga nan a kunna masa ya kalli kansa. Yawancin mutane ba su taɓa ganin yadda fuskarsu ke canzawa in an matsa musu ba, ko yadda suke murmushi a inda bai dace ba, ko yadda suke zagaye-zagaye na minti biyu kafin su kai ga amsa. Ana sa mutum ya tsayar da saƙonni ƙalilan, galibi uku, waɗanda yake so mai sauraro ya tafi da su. Ana jero masa munanan tambayoyin da yake addu'ar kada a yi masa, a yi masa su ɗaya bayan ɗaya har ya daina firgita. Ana kuma cusa masa wasu ƙa'idoji: kada ya maimaita mummunar kalmar da ɗan jarida ya sa cikin tambaya, don in ya ce "ba mu yi sakaci ba" to "sakaci" ce za ta hau kanun labari, kada ya ɗauka an kashe makirufo don an ce an gama, kada ya yi maganar sirri da ɗan jarida yana tsammanin ba za ta fita ba, sai in an yi yarjejeniya a fili tun kafin a fara.

Akwai dalilin da ya sa ake nacewa a kan gajeren zance. Binciken da aka yi a Amurka a kan labaran zaɓen shugaban ƙasa ya nuna cewa a 1968 gidajen talabijin kan bar muryar ɗan takara ta yi kusan sakan 43 ba a katse ba, amma zuwa 1988 abin ya koma ƙasa da sakan 10. Wato edita ne ke zaɓen abin da jama'a za su ji daga bakinka, kuma zai zaɓi abin da ya fi ɗaukar hankali. Kowace jimla da ta fito daga bakin kakaki dole ta iya tsayawa ita kaɗai ba tare da 'yan'uwanta na gaba da na baya ba. Jimlar Hayward ba ta iya ba.

Sai dai ni a ganina kuskuren Hayward ya wuce na tsara jimla. Kowa ya san ladabin zuwa gaisuwar mutuwa. Ko daga Legas ka taso ka kwana a mota, in ka shiga zaure ka tarar da masu zaman makoki ba ka fara da labarin gajiyarka. Hayward ya gaji, wannan gaskiya ne, mutum ne da ya shafe makonni ba barcin kirki. Amma wanda yake magana da shi a zahiri ba ɗan jaridar da ke riƙe da makirufo ba ne. Matar da mijinta bai dawo daga aiki ba ce, da masuncin da aka rufe wa wurin kamun kifi da jatan lande a tsakiyar lokacin samu. Horo mai kyau daga nan yake farawa: a sa mutum ya ga waɗannan fuskoki a bayan kyamara. Wanda ya gan su, ko bai haddace saƙonni uku ba, ba zai ambaci kansa ba. Kuma wannan ba shi ne karon farko ba. A tsakiyar watan Mayun ya gaya wa jaridar Guardian cewa tekun ƙato ne, man da ya zuba kuma ɗan kaɗan ne in an kwatanta da yawan ruwan. Bayan 'yan kwanaki ya gaya wa Sky News cewa yana ganin illar da abin zai yi wa muhalli ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Hayward masanin duwatsu da ƙarƙashin ƙasa ne, yana da digirin digirgir, kuma in lissafi za a bi, ruwan teku ya fi man yawa nesa ba kusa ba. Amma mai kallon tsuntsaye sun jiƙe sharkaf da baƙin mai ba lissafi ya zo ji ba.

Inda al'amarin ya fi nauyi shi ne batun alƙaluma, kuma a nan ne nake so mai karatu ya ɗan tsaya. A kwanakin farko, kamfanin da hukumomi sun ce ganga 1,000 ke zuba a kullum. Kafin ƙarshen Afrilu aka ɗaga zuwa 5,000, aka kuma riƙe wannan adadi na makonni. Da 'yan majalisa suka matsa aka saki hoton bidiyon bakin rijiyar kai tsaye, masana a jami'o'i suka kalla suka ce abin ya ninka haka sau da yawa. A ƙarshe ƙwararrun gwamnati sun ƙiyasta kusan ganga 62,000 a kullum a farkon malalar, jimilla kusan ganga miliyan 4.9 cikin kwana 87 kafin a toshe rijiyar ranar 15 ga Yuli. Daga baya kotu ta tsayar da ganga miliyan 3.19 a matsayin abin da ya shiga teku. Duk wanda aka ɗauka, tsakaninsa da 5,000 a kullum akwai nisa mai yawa.

Me ya sa adadin ya zama abin ja-in-ja haka? Saboda dokar tsaftar ruwa ta Amurka tana cin tara ne a kan kowace ganga: a 2010 dala 1,100 ce, ko har 4,300 in an tabbatar da mummunan sakaci. Kowace ganga da aka amsa kuɗi ce. A nan lauyan kamfani da kakakin kamfani ke rabuwa. Lauya yana hangen kotu bayan shekara biyar, yana so a faɗi mafi ƙarancin abin da za a iya faɗa. Kakaki yana fuskantar jama'a yau da yamma, kuma shi za a riƙe da abin da ya faɗa jiya. Masu horo na gari suna koyar da mafita mai sauƙin faɗa, mai wuyar aikatawa: ka faɗi abin da ka tabbatar, ka faɗi abin da ba ka sani ba tukuna, ka faɗi lokacin da za ka dawo da ƙarin bayani, ka kuma dawo a lokacin. "Ba mu san adadin ba, yana iya fin abin da muke tsammani sosai, gobe da ƙarfe 10 za mu gaya muku abin da muka auna" magana ce da ba ta da daɗin faɗa, amma ba ta tona wa mai ita asiri bayan mako uku. Ƙaramin adadin da aka faɗa don kwantar da hankali kuwa, da zarar ya ƙaryata, duk abin da ka faɗa bayansa ya zama abin zargi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da mai faɗar bai san ƙarya aka ba shi ya faɗa ba.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da ba a cika faɗa wa masu kamfani ba. Sau da yawa kakaki ba ya cikin ɗakin da ake yanke shawara. Injiniyoyi sun san abu, lauyoyi sun tace shi, a miƙo masa takarda a ce je ka karanta. Duk ƙwarewarsa, abin da aka ba shi kawai zai iya faɗa. Kamfanin da ya horar da kakakinsa kan tsayuwa gaban kyamara amma bai ba shi damar tambayar injiniya "ka tabbata?" ba, ya tura shi fagen daga ne da garkuwar takarda. A Nuwamban 2012 BP ya amince zai amsa laifuka 14 a gaban shari'a, 11 daga ciki na mutuwar ma'aikatan, ɗaya kuma na yi wa binciken majalisa zagon ƙasa a kan yawan man da ke zuba. Ya kuma amince ya biya dala miliyan 525 saboda ɓatar da masu hannun jari a kan wannan adadi.

Akwai wata dabara da kusan kowane mai horo ke koyarwa, wadda suke kwatantawa da gada: a yi maka tambaya, ka taɓa ta sama-sama, ka tsallaka zuwa saƙon da ka shirya. "Wannan tambaya ce mai muhimmanci, amma abin da ya kamata jama'a su sani shi ne…" Tana da amfani in ɗan jarida ya jawo ka zuwa hasashe ko zuwa abin da ba hurumin kamfaninka ba. Amma an lalata ta da yawan amfani, har ta zama hanyar ƙin amsawa cikin ladabi, kuma masu sauraro sun gane ta. Mai sauraron rediyo da ya ji an tambayi jami'i yaushe za a dawo da wuta, jami'in ya shiga bayanin yawan taransifomar da aka saya bara, ya san an kauce masa. Ina ganin wannan dabara ta fi kowace ɓata sunan sana'ar. Ranar 17 ga Yuni, 2010, Hayward ya zauna gaban kwamitin majalisar wakilan Amurka na tsawon sa'o'i, wannan karon a shirye tsaf, ba suɓutar baki ko ɗaya. Ya yi ta maimaita cewa ba ya cikin waɗanda suka yanke shawara a kan rijiyar, kuma a jira sakamakon bincike. 'Yan majalisa suka fusata, ɗaya daga cikinsu, Henry Waxman, ya zarge shi da ƙin ba da haɗin kai. Mutumin da sakin baki ya jefa cikin matsala a watan Mayu, kame baki ya ƙara dulmiya shi a watan Yuni. Bayan kwana biyu aka ga hotonsa a wurin tseren jiragen ruwa na alfarma a kudancin Ingila.

Wani nau'in kaucewar kuma shi ne yaren ofis. A Afrilun 2017 jami'an tsaron filin jirgin sama na Shikago suka jawo wani likita mai shekara 69 daga kujerarsa a jirgin United Airlines, suka ja shi a ƙasa fuskarsa jina-jina, don a sama wa ma'aikatan kamfanin wurin zama. Fasinjoji sun ɗauka da wayoyinsu. Washegari shugaban kamfanin, Oscar Munoz, ya fitar da sanarwa yana ba da haƙuri a kan abin da ya kira sake wa fasinjoji masauki. A wata wasiƙa ga ma'aikata kuma ya siffanta mutumin da mai tayar da hankali, wasiƙar ta fita waje kamar yadda irinta ke fita koyaushe. Sai a karo na uku ya yi cikakken ban haƙuri, ya kuma fito a talabijin ya ce abin da ya ji da ya kalli bidiyon shi ne kunya. Wata guda kafin wannan, mujallar PRWeek ta karrama shi a matsayin gwarzon sadarwa na shekara, wato ba rashin iya magana ne ya kayar da shi ba. Kalmar da ya zaɓa ta yi hannun riga da abin da miliyoyin mutane suka riga suka gani da idonsu, kuma kalma ba ta cin ido.

Darasin da ya fi kusa da mu ya fito ne daga bakin wani mutum dabam a rikicin BP. Ranar 16 ga Yuni, shugaban hukumar daraktocin kamfanin, Carl-Henric Svanberg, ya fito daga ganawa da Shugaba Obama a fadar White House, inda kamfanin ya amince ya ware dala biliyan 20 don biyan diyya. Wannan ce rana mafi kyau da BP ya samu tun farkon rikicin. Sai Svanberg ya ce wa manema labarai kamfaninsa ya damu da "ƙananan mutane". Shi ɗan ƙasar Suwidin ne, kuma a harshensu maganar tana nufin talaka, mutumin da ba shi da gata, cikin tausayi. A kunnen Ba'amurke kuwa raini ce. Kafin dare ya nemi afuwa, labarin biliyan 20 kuma ya raba kanun jaridu da kalmomi biyu.

Duk wanda ke sauraron BBC Hausa ko DW ko RFI ko Freedom Radio ya san wannan ciwo. Kakakin banki, ko na kamfanin sadarwa, ko na rarraba wutar lantarki, an shirya masa komai da Turanci a babban ofis, can aka horar da shi, can aka rubuta masa saƙonninsa uku. Sai a kira shi hira da Hausa, ya shiga fassara a cikin kansa yana magana. Abin da ke fitowa ba Turanci ba ne ba Hausa ba: rabin jimla aro, ban haƙuri mai sanyi kamar an karanto daga takarda, kalmomin injiniya da mai shago a Kantin Kwari ba zai gane ba. Wani kuma Hausarsa garau ce, amma ya manta cewa masu sauraro na auna mutum da yadda ya yi gaisuwa, da yadda ya jajanta kafin ya kare kansa, da ko ya ce wa dattijon da ya bugo waya "Baba" ko ya katse shi. A inda rediyo ke da ƙarfi kamar arewacin Najeriya da Nijar, kuma shirin da ake buɗe layi jama'a su bugo ya fi taron manema labarai tasiri, horon da ba a yi shi da harshen da za a yi hirar ba rabin horo ne. Ya kamata a yi gwajin da Hausa, da mai tambaya mai zafi irin na gidajen rediyonmu, a kuma tsayar da kalmomin tun kafin ranar: me za a kira katsewar layi, me za a kira cire kuɗi bisa kuskure, wace kalma ce ke ɗaukar alhaki, wacce ke zillewa.

Akwai kuma al'adar ambulan, kuɗin mota da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro. Illarta ga aikin jarida sananniya ce, amma tana yi wa kamfanin kansa wata illa da ba ya lura da ita. Kakakin da ya saba a buga sanarwarsa yadda ya rubuta ta bai taɓa shan tambaya ta gaskiya ba. Ranar da abu ya faru, wanda zai ɗauki bidiyon ba ɗan jaridar da ya saba da shi ba ne, wani ne mai wucewa da waya a hannu, kuma kafin a kira taron manema labarai abin ya gama zagaya WhatsApp. Shi ya sa ma horon bai kamata ya tsaya kan shugaba da kakaki ba. Mai gadi a bakin ƙofa, da manajan reshe, da direban tankar da ta faɗi, su ne kyamara ke fara samu. A gaɓar Luwiziyana an yi ta nuna masu gadi suna hana 'yan jarida kusantar wuraren da ake kwashe mai, kuma kowane irin wannan hoto ya ƙara wa jama'a yaƙinin cewa akwai abin da ake ɓoyewa.

Masu horo na son kawo labarin Tylenol, wani maganin rage ciwo, a matsayin abin koyi. A 1982 mutum 7 suka mutu a yankin Shikago bayan sun sha ƙwayar maganin da wani ya zuba wa guba. Kamfanin da ke yin maganin, Johnson & Johnson, ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa, ya gargaɗi jama'a kada su sha, shugabansa James Burke ya fito a talabijin ya amsa tambayoyi, aka dawo da maganin cikin mazubin da in an buɗe za a gane. Cikin kusan shekara guda cinikinsa ya farfaɗo. Labarin gaskiya ne, amma a riƙa tunawa da abu biyu. Kamfanin shi ma an cuce shi ne, ba shi ya yi laifin ba, don haka tausayin jama'a na tare da shi tun farko. Na biyu, Burke yana da abin faɗa ne saboda an riga an yi aiki: an kwashe maganin daga shaguna, an yi asarar kusan dala miliyan 100. Da kwalaben na nan a kan kanta, da iya maganarsa ba ta amfane shi da komai ba.

BP ya bi ta ɗaya hanyar. Tsakanin Afrilu da Yulin 2010 ya kashe sama da dala miliyan 90 a kan tallace-tallace, ciki har da wanda Hayward ya fito yana alkawarin za su gyara ɓarnar, a daidai lokacin da mai ke ci gaba da zuba kuma masunta na kukan jinkirin diyya. Obama ya soki wannan a fili. Sannan aka binciko takardar shirin ko-ta-kwana da kamfanin ya miƙa wa hukuma tun kafin hatsarin, aka ga ta lissafa, cikin dabbobin da za a kare a wannan teku mai ɗumi, wata dabbar ruwa mai haure da ba ta rayuwa sai a yankin ƙanƙara na arewacin duniya. Alama ce ta cewa an kwafo takardar ne daga wani wuri ba wanda ya karanta. Hayward ya karɓi shugabanci a 2007 da alkawarin sa ido sosai a kan lafiyar ma'aikata, shekara biyu bayan fashewar matatar kamfanin ta Texas City da ta kashe mutum 15, kuma 'yan jarida sun yi ta tuna masa wannan alkawari.

Ranar 27 ga Yuli kamfanin ya sanar cewa Hayward zai sauka, Bob Dudley ya gaje shi daga 1 ga Oktoba. Dudley Ba'amurke ne da ya tashi a jihar Misisipi, ɗaya daga jihohin da man ya ɓata wa gaɓa, kuma tun cikin Yuni aka riga aka miƙa masa ragamar aikin tsaftacewa da magana da mutanen yankin.